Me ya sa jan haske ya fi karkata a kan faifan CD?

Assalamu alaikum malaman fiziks, don Allah ku taimaka min. Na haska jar leza mai tsawon zango nanomita 650 a kan faifan CD, sannan koriya mai 532. Tazarar layukan faifan maikromita 1.6 ce. Da na yi lissafi da d sin θ = mλ (d tazarar layuka, θ kusurwar karkata, λ tsawon zangon hasken, m kuma lambar ɗigon haske), ɗigon farko na jar ya karkata kusan digiri 24, na koriyar kusan 19, kuma haka na gani a bango.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, a gilashin firizim (mai kusurwa uku da ke rarraba launukan haske) ja ne ke da ƙarancin karkata. Me ya juya al'amarin a nan? Lissafin kam na iya, dalilin nake nema, domin ɗalibaina za su tambaye ni.