Taƙaitawa: Shin ɗabi'un mutum za su tsaya idan ya ƙara wa kansa basira?

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da muka yi a nan Kaduna.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kaifin basira daban, kyawun hali daban, domin ɗan damfara ma ba ya rasa wayo.

2. Da yawa sun ce taɓa ƙwaƙwalwa na iya sauya mutum. An kawo misalin Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka, wanda sandar ƙarfe ta huda masa kai a 1848, ya rayu, amma waɗanda suka san shi suka ce halinsa ya canja. An kuma ambaci na'urar da kamfanin Neuralink ya fara dasa wa mutum a ƙwaƙwalwa a 2024, ko da yake masu shanyewar jiki aka nufa da ita.

3. A nan aka rabu. Wasu na ganin tarbiyya da tsoron Allah ne ke riƙe mutum, ƙarin basira kuwa sai dai ya ƙara masa fahimtarsu. Wasu suka ce da sabuwar basirar zai auna tsofaffin ɗabi'unsa, ya zubar da waɗanda ba su gamsar da shi ba, kamar yaron Tudun Wada da ya dawo daga karatu ya daina durƙusa wa kawunsa. A ganina wannan hujjar ta fi ƙarfi.

4. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a bi sannu, kuma iyali da malamai da likitoci su riƙa sa ido, tunda wanda ya sauya ba lallai ya gane ya sauya ba.