Lambobi sun rikice a amsar da za mu tura ofishin haƙƙin ƙirƙira na Amurka, wanne ake iya gyarawa?

Maman Hanif, Wuse 2:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin lauyoyi, kuma muna riƙe da fayil ɗin wani injiniya da ya ƙera na'urar busar da tumatur da tattasai da hasken rana. A nan Abuja aka fara nema masa haƙƙin ƙirƙira, aka bi ta PCT, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta neman haƙƙin ƙirƙira a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, yanzu magana ta kai Amurka. Mai tantancewa na can ya ƙi wasu daga cikin da'awowinmu, wato jerin jimlolin da ke fayyace abin da muke neman a kare, ya ba da wata 3 a amsa, lauyan da ke wakiltarmu a can kuma ya ce mu fara aiko masa da daftari.

Kwafin da muka gada hoto ne na sikana. Da muka sa manhaja ta mayar da shi rubutu, faɗin ramin raga na milimita 0.5 ya koma 05, farantin da aka yi wa lamba 18 a zanen na'urar ya koma 13 a wurare da dama. Ban da wannan, a ainihin takardar da aka shigar akwai layi ɗaya da aka rubuta faranti 81, alhali a zane 18 ne. An kuma rubuta cewa fanka tana juyi 2,100 a minti, injiniyan ya rantse 1,200 ya faɗa, ya ce lallai a gyara. Sunansa ma harafi ɗaya ya faɗi. Bawan Allahn nan ya zuba duk abin da ya tara a kan na'urar, ba na so a ce a hannuna aikin ya lalace. Zan iya haɗa gyaran duka a cikin amsar?

Barista, Garki:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki zuba su a kwando ɗaya. Na sikana ba kuskuren takarda ba ne, na kwafinki ne, ofishin Amurka bai ma san da su ba. Amma idan kika tura da'awowin da 05 a ciki ba tare da alamar gyara ba, kin canza da'awa a ɓoye ke nan. Ki ce wa lauyanku ya sauko miki da rubutun da ke hannun ofishin a yau, daga Patent Center, shafinsu na intanet. A kansa za ki yi aiki, ki ajiye na sikana gefe.

Na 81 mai sauƙi ne. Ƙa'idarsu ita ce, idan masanin fannin zai karanta ya gane kuskure ne, ya kuma gane abin da ake nufi daga takardar kanta, to gyara ne halattacce. Zane ya ce 18, sauran bayanin ya ce 18, babu gardama.

Na fanka ne nake so ki zaunar da injiniyan a kai. Sashe na 132 na dokarsu ya hana shigar da sabon abu ta hanyar gyara. Fanka mai juyi 2,100 abu ne da ke yiwuwa, babu wanda zai gani ya ce kuskure ne, rantsuwar mai ƙirƙira kuma ba hujja ba ce a wurinsu. Ki bincika jadawali da misalan gwaji da rubutun jikin zane. In 1,200 ta fito a wani wuri a takardar farko, kuna da abin kafa hujja. In ba ta fito ba, ku bar ta. Idan adadin ne zuciyar ƙirƙirar, akwai hanyar shigar da takardar ci gaba mai ɗauke da ƙari, wato sabuwar takardar nema da ke ɗorawa a kan ta farko, sai dai ƙarin zai ɗauki sabuwar rana, kuma abin da kuka riga kuka wallafa yana iya tare muku hanya. Kada garin neman gira a rasa ido.

Suna kuma daban ake nemansa, da gyararriyar takardar bayanan nema da ɗan kuɗin aiki.

Sakatare, Area 11:

Barista ya gama da doka, bari in taɓa aikin hannu, don a nan aka fi sulluɓewa. A amsar Amurka ana jero da'awowi duka, kowace da alamar matsayinta: ta asali ce, an gyara ta yanzu, an soke ta, ko sabuwa ce. Abin da aka ƙara a ja masa layi a ƙasa, wanda aka cire a ratsa shi da layi. Idan abin cirewar harafi 5 ne ko ƙasa, an yarda a sa shi cikin baka biyu-biyu masu kusurwa, kuma ga lambobi shi nake zaɓa, domin layin da ya ratsa 4 da ƙyar ido ke kama shi.

Anti, ki kashe jera lamba na kai-tsaye kafin ki taɓa komai. Da zarar kin goge da'awa ta 4, manhaja za ta mayar da ta 5 ta zama 4, duk wadda ta ce "kamar a da'awa ta 5" ta koma nuna wani abu daban. Su kuwa ba a sake jera lambobi ana tsakar tantancewa, wadda aka soke tana nan da lambarta. Haka kuma kada ki danna "sauya duka" don mayar da 13 zuwa 18, wataƙila akwai wani sashe da ainihin lambarsa 13 ce, ga kuma 130 da za ta koma 180. Bi su ɗaya bayan ɗaya, zanen a buɗe a gabanki.

Ni idan na gama, ina sa manhaja ta kwatanta rubutun ofishin da daftarina, sannan in buga a takarda, wani ya karanta lambobin da ƙarfi ina bi da biro. Waƙafi da ɗigon adadi a kunne aka fi kama su.

Maman Hanif, Wuse 2:

Allah ya saka da alheri. Na duba, 1,200 tana cikin jadawalin gwaji na biyu, har sau biyu. To ranka ya daɗe, tunda kuskuren yana cikin takardar PCT da ta gida Najeriya, ba za a koma can a gyara tushen ba?

Barista, Garki:

Alhamdu lillahi, ki nuna wa lauyanku shafi da layin jadawalin, ya ambace su a amsar. Na PCT lokaci ya wuce: ƙa'ida ta 91 ta PCT ta ba da wata 26 daga ranar shigarwa ta farko don gyara irin wannan kuskure, shiga matakin ƙasashe kuwa, inda kuke yanzu, sai wajen wata 30. Yanzu kowace ƙasa da nata gyaran.

Ta gida kada ki yi sakaci da ita don an riga an ba da satifiket. A ƙarƙashin dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970, ofishin rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya tantance ƙunshiya, kuma mai haƙƙin ne ke ɗauke da haɗarin ingancinta. Sai ranar da wani ya kwaikwayi na'urar aka je Babbar Kotun Tarayya, lauyansa zai zaro saɓanin 2,100 da 1,200 ya ce bayanin bai fito fili ba. Ki gama da amsar Amurka tukuna, don bayan wata 3 kowane ƙarin wata da kuɗinsa, kuma ba a wuce wata 6. Daga nan ki rubuta wa magatakardan ofishin rajista a kan ta gida.