Auren malam a gidajenmu: wanda ya gani da idonsa ya faɗa

Malamin makaranta, Runjin Sambo:

Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar isha'i aka yi gardama a majalisarmu a kan Muhammadu Bello Masaba na Bida, wanda labarinsa ya cika ƙasar nan a 2008 saboda matansa 86, har Etsu Nupe ya umarce shi da ya zaɓi huɗu ya saki sauran, aka kuma tsare shi a Minna kafin a sake shi. Ya rasu a 2017 bai janye daga matsayinsa ba. Wani daga cikinmu ya ce irin wannan ba zai taɓa faruwa a ƙasar Shehu ba, ni kuwa na yi shiru, domin ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta taɓa zama ta biyar a gidan wani malami.

Rashin lafiya ce ta kai mu wurinsa, aka yi ta rubutun sha har ta samu sauƙi, sai ya aiko a ba shi ita, mahaifinmu kuma ya ga babu abin da zai saka masa da shi face ya bayar da ita sadaka. Babu wanda ya tambayi yawan matansa, alhali da ɗan kasuwa ne ya zo nema, da har kakanninsa an bincika. Bayan tarewa ta iske mata uku a ɗakunansu, ta huɗu kuma tana gidan iyayenta tana idda. Malam ya ce ai ya sake ta. Amma saki ɗaya ne, wanda yake da damar kome a cikinsa, mace kuwa a wannan hali matarsa ce har sai iddarta ta cika. Ina roƙon wanda ya ga makamancin wannan ya ba mu labari, ba tare da kama sunan kowa ba.

Wata uwa, Mabera:

Malam, ni a kaina abin ya faru, ba ji na yi ba. Ina zawarci da 'ya'ya biyu lokacin da malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa ya neme ni, ya ce a ɗaura a ɓoye saboda kada uwargida ta tayar da hankali. Almajiransa biyu ne shaidu, na uku ya tsaya a matsayin waliyyi, alhali yayana yana raye a Gwadabawa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Na ji nauyin in tambaya, domin a lokacin ina ganin mutumin da ya koya mini hukuncin alwala ba zai jahilci hukuncin aure ba.

Da ya rasu ne na san inda aka ajiye ni. An zauna rabon gado, aka fitar da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, domin matansa, sunana bai fito ba, sannan ɗaya daga cikin shaidun nan ya ce shi bai tuna an ɗaura wani aure ba. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa a mazhabar Malikiyya auren da aka umarci shaidu su ɓoye shi abin warwarewa ne. Gadon bai dame ni ba kamar takaba, wadda na yi a ɗakina ni kaɗai, maƙwabta suna tambayata wa ya rasu.

Dattijo, Wurno:

'Yata, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Sai dai ina so a ji ɗaya ɓangaren, domin ni a gidan malami aka haife ni, kuma na girma ina jin mutanen gari suna cewa mahaifina yana da mata goma sha biyu. Bai taɓa haɗa fiye da huɗu ba. Sauran da ake ƙirgawa gwaggonnina ne, da zawarawan almajiransa da suka rasu, da marasa lafiya da ake kawowa jinya su zauna wurin mahaifiyata. Wanda ya leƙa ta zaure ya hangi mata da yawa sai ya tafi da lissafinsa. Ko a shari'ar Masaba, da yawa daga matansa sun fito sun ce da son ransu suke zaune da shi. Wannan bai halatta abin da aya ta 3 ta Suratun Nisa'i ta iyakance ba, amma ya kamata a ji ta bakin matan kafin a yi magana da yawunsu. Abin da ba zan kare mahaifina a kansa ba shi ne yawan saki, domin ina da 'yan'uwa daga ɗakuna bakwai, wasunsu ban san su ba sai a zaman makokinsa.

Tsohon magatakardan kotu, Tudun Wada:

Baba ya yi gaskiya game da ƙarin gishiri. A shekarun da na yi ina rubuta ƙara, abin da alƙali yake tambaya bai canza ba, ko mijin malami ne ko manomi: wane ne waliyyi, su wa suka shaida, nawa ne sadaki, mata nawa ne a ƙarƙashinsa ranar ɗaurin auren. Wahalar ita ce shaidun galibi almajiran mijin ne, kuma almajiri ya fi tsoron bakin malaminsa a kan sammacin kotu. Na ga iyaye sun janye ƙara ana gobe zama, domin an aiko musu cewa ciwon 'yarsu zai dawo.

Malamin makaranta, Runjin Sambo:

Yallabai, irin wannan saƙo mu ma an aiko mana, mahaifiyarmu ta kwana uku ba ta runtsa ba. Kawunmu ne ya tsaya kai da fata har aka raba auren a gaban alƙali, aka ce ta yi istibra'i, wato jiran tabbatar da babu ciki. Yanzu tana aure a Bodinga da 'ya'ya huɗu, ciwon bai dawo ba. Mahaifinmu kuwa har ya rasu, idan zai je masallacin Juma'a, sai ya zagaya ta wata hanya domin kada ya bi ta ƙofar gidan malamin.