Musayar Waƙa: Ranar da Inji Zai Gaje Mu

Baffa Mai Rediyo:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jikana ya raba dare yana karanta mini labarin wasu mutane a Berkeley ta Amurka masu kiran kansu 'yan hankali zalla. Sun haƙiƙance rana na tafe da na'ura za ta ƙera wadda ta fi ta, ita ma ta ƙera wata, har ɗan Adam ya koma ɗan kallo. Singulariti suke ce wa ranar. Ga tawa, amsa-amonta "ya". Mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe waƙata,
Gwanin da shi kaɗai ya ƙagi duniya.

Salati ga Manzo, sannan in waiwayo
Ga wasu malamai na Kalifoniya.

Shekara arba'in ina gyaran rediyo,
Na san halin batir, na san na waya.

Ban ga akwatin da ya haifi ɗansa ba,
Balle a ce jikan ya fi su iya.

Vernor Vinge ya sa rana a 1993,
Cikin talatin, ya ce, babu tambaya.

Talatin ta cika a 2023,
Ga mu da tuwonmu muna neman miya.

Ray Kurzweil ya kai tasa 2045,
Mai cin bashi kullum gobe zai biya.

Don ya riski ranar, da bakinsa ya ce
Ƙwayar magani yake sha ɗari da ɗoriya.

Injiniya Ƙarami:
Baffa, a gafarce ni, yau zan ɗan yi ƙarambani.

Baffa na durƙusa, ban zo da raini ba,
Rediyonka dai bai koyi karatu ba,
Wannan ya haddace abin da ba mu gani ba,
Tsakaninsu Baffa akwai doguwar tafiya.

Kasparov, gwanin darar Turawa, ya faɗi,
Injin Deep Blue ne a 1997, ba daɗi,
Lee Sedol, gwanin darar Go, a 2016 ya sha raɗaɗi,
Na'urar AlphaGo ta ci huɗu, ya tsira da ɗaya.

I. J. Good ya fara zancen, dattijon lissafi,
Da Turing suka kwance wa Jamus ƙulli mai ƙarfi,
Tun 1965 ya rubuta, ba da tsafi,
Cewa injin farko zai ƙera na baya.

Hinton da ya raini ƙirƙirarriyar basira tun tana goyo,
Ya bar Google a 2023, ya daina ɓoyo,
Ya ce yana tsoro. To, in rufi na yoyo,
Mai ɗaki ya faɗa, wa zai ce ƙarya?

Malama 'Yar Alli:
Ɗana Injiniya, lissafi nake koyarwa. Miƙo littafin in duba.

Herbert Simon ma a 1965 ya yanke:
Shekara ashirin, inji ya yi duk abin da muka iya.

Hinton ɗin naka a 2016 ya ce
A bar horar da likitan hoto, aikinsa ya zama jiya.

Shekara biyar ya ɗiba, sun wuce tuni,
Asibiti na nemansu har yau da magiya.

Jariri kan ninka nauyinsa a wata biyar,
Ja layin nan da rula, kar ka yi gajiya:

Kafin ya kai goma ya fi giwa dubu,
Haka suke lissafin, ɗana, kar ka yi dariya.

Ka ji dodon Roko? Roko fa, ba roƙo ba,
A zauren intanet na LessWrong, 2010, aka shirya tatsuniya:

Wai injin gobe zai bi sawun wanda ya ji
Labarinsa, bai taya a ƙera shi ba, ya juya baya,

Ya ƙera kwafinsa ya yi ta gana masa azaba,
Ko ƙashinsa ya daɗe da zama ƙasar rijiya.

Yudkowsky mai zauren ya goge rubutun,
Ya hana zancen shekaru, ya ja igiya.

Da yawansu sun ce sun bar addini,
Ga su da ranar tsayuwa, da wuta, da sakayya.

Injiniya Ƙarami:
Malama, a yi adalci. Yudkowsky daga baya ya ce shi bai yarda da hujjar dodon ba, kuma akasarinsu abin dariya suka ɗauke shi. Makin jaririn kuwa na ba ki, ban da ta cewa.

Uwar Biyu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban san lissafi ba, gawa na sani. Baffa, ka yi haƙuri da guragun baitocina.

A Arizona akwai gidan da ake kira Alcor,
Can ake kai kan mamaci ajiya.

A daskarar da shi cikin tulun ƙarfe,
Wai inji zai tashe shi wata safiya.

Na so in yi dariya, sai na ji na Kurzweil,
Uban ya rasu a 1970, ciwon zuciya.

Ya tara wasiƙunsa da takardun kiɗansa,
Akwati-akwati, bai yar da ko ɗaya.

Yana fatan na'ura ta karance su duka,
Ta mayar masa da uban su yi hira kamar jiya.

Na sha ganin irin wannan a bakin gado,
Ɗa ya riƙe hannun tsoho ya ƙi sakin tsintsiya.

Maraici ne ya ari rigar lissafi,
Ni tausayi ya ba ni, ban ga abin fariya.

Amma a Nairobi an ɗauki matasa
Su tace wa ChatGPT ƙazantar duniya,

Ƙasa da dala biyu a awa, in ji Time,
Su wa ya sa wa ranar fita daga wuya?

Baffa Mai Rediyo:
'Yata, guragu ina? Tsintsiyar hannu kika datse don amsa-amo, na gani, na yafe. Kin sa tsoho ya yi shiru. Saura ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

A Mayun 2023 manyan kamfanonin injin
Sun sa hannu: abin na iya shafe zuriya.

Gari ya waye suka koma bakin maƙera,
Kowa na zuga wutarsa ba kunya.

Gardi ne ke yawo da kumurci a kasuwa,
Shi ne kuma mai maganin sari a cikin kaya.

Yudkowsky ko ya rubuta a mujallar Time
A yi wa rumbun kwamfuta mai taurin kai ruwan bam daga samaniya.

Shi na yarda tsoronsa har cikin ransa ne,
Amma mai tsoro ma yakan ɓata hanya.

Bankman-Fried maƙwabcinsu ne a aƙida,
Mai auna alheri da sikeli da ƙirgen tsiya,

Kasuwarsa ta kirifto, FTX, ta rushe da kuɗin mutane a 2022,
Shekara 25 alƙali ya ba shi na kwanciya.

Injiniya Ƙarami:
Baffa, laifin maƙwabci ba ya hawa kan mai gida. Amma ga shawara.

Kurzweil ya sa 2029 kafin babbar rana,
Ya ce inji zai yi hira a kasa gane na'ura na,
Shi da Mitch Kapor dala 20,000 suka jingina,
Mu ma mu sa goro, wanda ya faɗi ya biya.

Malama 'Yar Alli:
"Na'ura na"? Sakkwatanci ka aro don baiti ya tsaya, na cire maka rabin maki. Kuma hira daban, hankali daban: aku ma yana sallama.

Baffa Mai Rediyo:
Caca haramun ce ɗana, ko ta goro ce,
Rubuta ranar dai a bangon tsangaya.

In Allah ya kai mu, ka zo da injin naka,
Akwai wata National a shago tun ina da ƙuruciya.

Mai ita ya rasu bai dawo karɓa ba,
Ta gagare ni, na kwance ta waya-waya.

In ya sa ta kama tasha ko da shuuu ce,
Ni zan yi masa waƙa, amsa-amonta "ya".