Me ya sa waƙa ta fi daɗi a cikin duhu?

Ɗan Auta:
Salam ƴan uwa, don Allah ina da tambaya. Yayana mayen sauti ne, ya haɗa sifiku biyu da amfilifaya a ɗakinsa, amma duk sanda zai saurari waƙa sai ya kashe fitila ya saki labule, har ɗan jan hasken da ke jikin amfilifayar sai da ya liƙe shi da salatif. Jiya na zauna na gwada, wallahi waƙar da na sani shekara da shekaru sai ga shi ina jin mawaƙin yana jan numfashi kafin ya ɗauko baiti, har da gogar yatsa a kan wayar jita. Kunne ne ke ƙara kaifi a duhu ko zuciyata ce ta raya min?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Kunnenka na nan yadda yake ɗan uwa, hankalinka ne ya tattaru waje ɗaya. Ido na cin kaso babba na aikin ƙwaƙwalwa, kuma ba a nan ya tsaya ba yana ma tsoma baki cikin abin da kake ji. A 1976 wasu masu bincike, Harry McGurk da John MacDonald, suka nuna cewa in aka sa maka bidiyon baki yana furta "ga" alhali sautin "ba" ne, mutane da yawa "da" suke ji, kana rufe ido sai "ba" ɗin ya dawo.

Tsohon Makaɗi:
Ni abin da ya fi ɗauke ni shi ne sifikun ɓacewa suke. In da haske idonka na kan akwatunan nan biyu to ƙwaƙwalwa sai ta ce ai daga can sautin ke fitowa, amma ka kashe fitila ka zauna daidai tsakiya sai ka ji murya tsaye a gabanka inda babu sifika ko ɗaya, ganga tana can baya, fiyano ta hagu, ɗakin kamar an ture bangonsa. Kuma ba yau aka fara ba, shahararren mai tsara kiɗa Wagner da ya buɗe gidan kiɗansa a Bayreuth ta Jamus a 1876 ya sa an dusashe fitilu, makaɗan ma a rami ya ɓoye su ƙarƙashin dandamali.

Uwar Biyu:
Gaskiya ni ina ganin rabin daɗin nan shirun dare ne ba duhun ba, motoci sun ragu, waya ta daina ƙara, sai ƙananan sautuka su samu hanya. Ni duhu ƙirin bacci yake sa ni, ƴar fitila nake bari a bayan kujera. Sannan Ɗan Auta ka kula da bolum, in daɗi ya ɗebe ka kana ƙarawa ba ka sani ba, kunne kuwa in ƙara ta lalata shi ba ya dawowa.

Ɗan Auta:
Na gode sosai. Hajiya gobe da rana zan rufe ido in saka waƙar nan dai, in ji ko numfashin zai fito.