Ɗana zai yi kwana uku a Landan a hutun Disamba, ina ya kamata ya je?

Baban Aminu, Mabera:

Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun digiri na biyu a Ingila, kuma shi da abokansa biyu, dukansu 'yan Sakkwato, sun shirya yin kwana uku a Landan idan an ba su hutun Disamba. Abin da zan iya tura masa ba shi da yawa, domin kowa ya ga yadda naira ta koma a gaban fam. Ina roƙon waɗanda suka san birnin su nuna mana wuraren da suka cancanci ziyara ba tare da an zubar da kuɗi ba. Sun kuma ce idan hali ya yi za su tsallaka Faris a jirgin ƙasa.

Malam na Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi shekara biyu a can, kuma abin da zai fara ba su mamaki shi ne gajartar yini. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba suke zuwa a jere kamar ana kora su. Wanda ya kwanta barcin safe ya yi asarar rabin ziyararsa.

Su fara da gidan tarihi na British Museum, wanda ake shiga kyauta. Su sauka ɗakin kayan Afirka su tsaya gaban allunan tagulla na Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897, shekara shida kafin su ci Sakkwato. Na daɗe a tsaye ina kallon zanen tufafin dogaran da ke jikinsu, ban san ko murna nake yi ba ko takaici. Daga nan su taka da ƙafa zuwa dandalin Tarafalga, inda akwai mutum-mutumin Sarki Joji na Huɗu a kan doki. Shi ne sarkin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika wa wasiƙa ta hannun Kilafaton a 1824, Baturen da daga baya ya dawo ya rasu a nan Sakkwato a 1827. Masu yawon buɗe ido na wucewa ba su ko ɗaga kai, amma Basakkwace bai kamata ya wuce ba.

Hajiya Inna, Gawon Nama:

Alhaji, a jingine maganar Faris tukuna. Bizar karatu ta Birtaniya ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Faransa, sai ya nemi bizar Shengen daban, wato bizar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Turai ciki har da Faransa, kuma wannan ba aikin kwana biyu ba ne. A kuma duba kalanda da kyau, domin ranar 25 ga Disamba jiragen ƙarƙashin ƙasa ba sa aiki, gidajen tarihi ma a rufe suke. 'Yata ta taɓa faɗawa wannan tarko, ta yini a ɗaki tana shan shayi.

Malam na Runjin Sambo:

Hajiya ta yi gaskiya, na manta da wannan. Idan kwanakin sun haɗa da Juma'a, su yi salla a Babban Masallacin Landan da ke gefen lambun Rijent, ko kuma na Gabashin Landan a unguwar Waitcafel, inda abincin halal ya fi araha. Hasumiyar Landan kuwa, wato tsohuwar fada kuma kurkukun tarihi da ke bakin kogi, ana biyan kuɗin shiga mai tsoka, don haka ni a ganina su kalle ta daga waje, su haye gadar da ke kusa da ita su ɗauki hotonsu.

Baban Aminu, Mabera:

Allah ya saka muku da alheri. Na tura masa duka, na kuma ce ya aiko mini da hoton mai dokin nan in nuna wa kakansa.