Shawarwari ga mai son ƙaro karatu a fannin koya wa majinyata hidimar yau da kullum (occupational therapy)

Abin da aka fara warwarewa a wata tattaunawa da aka yi kan ƙaro karatu a wannan fanni shi ne ruɗanin da ake yi tsakanin wannan aiki da na masu gashi na asibiti (physiotherapy). Mai gashi ƙarfin gaɓa yake nema. Shi kuwa wannan, damuwarsa ita ce mai shanyewar ɓarin jiki ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, ya riƙe cokali, ya ɗauki buta ya yi alwala ba tare da an tallabe shi ba.

Tsofaffin hannu sun ce kafin mutum ya biya kuɗin makaranta, ya fara bin wani ma'aikaci a asibiti na 'yan makonni. Da yawa a nan suke gane cewa aikin na masu haƙuri ne.

An fi daɗewa kan maganar lasisi. A Amurka sai da digiri na biyu ko na dakta, da horon makonni 24 a wurin aiki, sannan jarrabawar NBCOT, hukumar da ke tantance ma'aikatan fannin a ƙasar. A Ingila sai an yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista, kuma mai digiri a wani fanni yana iya shiga ta digiri na biyu na shekara biyu. A Najeriya hukumar MRTB, mai rajistar ma'aikatan farfaɗo da majinyata, ita ce ke bayar da lasisi, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife kuma tana koyar da fannin.

Kan digirin dakta kuwa ba a daidaita ba. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a fara aiki tukuna, sai in koyarwa ko bincike mutum ya sa a gaba.